Yarfe Hannun Gidanmu

A shagon askinmu kowa yana yarfe hannu. Baba ne ya fara. Idan ya gama da kan mutum sai ya ajiye almakashi, ya yarfe hannunsa sau uku kamar wanda ya taɓa ruwan zafi. Ni da ƙanena Auta mun tashi muna kwaikwayonsa, mun ɗauka salon gwanaye ne. Har tsokanarmu ake yi. Wani direba da ya shekara talatin yana zuwa yakan ce in ba a yarfe ba, askin bai kammala ba.

Baba ya rasu ƙafafunsa a kumbure, ba ya iya barci sai a zaune. Aka ce tsufa ne, muka ce to.

Bana, ina da sittin da ɗaya, takalmina ya daina shiga. Matakala huɗu ce a ƙofar shagon, sai na tsaya a ta uku na huta. Matata ta matsa, na je asibiti don a ƙyale ni. Aka yi hoto, aka ɗebi jini, aka sake ɗiba. Bayan wata biyu likitar zuciya ta zaunar da ni, ta tambaye ni ko yatsuna suna mutuwa.

"Shekara goma ke nan," na ce. "Sai na yarfe su dawo."

"Mahaifinka ma yana yi?"

Na ce shi ya koya mana. Ba ta yi dariya ba.

Ta zana mini a takarda. Hanta tana yin wani sinadari da jini ke ɗauka. A wasu gidaje akwai ɗan kuskure a ƙwayar halittar da ake gada, sai sinadarin ya lalace ya riƙa taruwa, da farko a wuyan hannu, daga baya a naman zuciya, har ta yi kauri ta ƙi saki. Ta faɗi sunan ciwon, amiloyid. Akwai maganin da ke rage masa gudu, amma ba ya kwashe wanda ya riga ya taru, don haka gara a kama shi da wuri. Ɗan'uwa ko ɗa, yiwuwar kowanne ya gaji ciwon rabi da rabi ce. Ta ba ni takardar gwaji ta ce in kai wa ƙanena.

Na jira in ji tsoro, shiru. Abin da na lura da shi kawai, wanda ya yi wa mai gadin asibitin aski bai iya gyaran ƙeya ba.

Kwana tara takardar tana aljihuna. Ni ba mai nuƙu-nuƙu ba ne, na sha korar mutum daga kujera saboda surutu, amma wannan ta gagare ni. Sai dai in tsaya ina kallon Auta ta madubi. Ya haura hamsin da biyar, furfura ta cika masa gemu, har yanzu ni yaro nake gani. Zai gama kai, ya yarfe sau uku, ni kuma ina lissafi: wannan kwaikwayo ne ko ciwo? Ina so ya zama kwaikwayo. Wannan kaɗai nake fata a kwanakin nan, ko abinci ban damu da shi ba.

A rana ta goma da hantsi babu kowa, Auta yana share gashi. Na ajiye takardar kusa da kilifa.

"Auta, yarfewar nan da kake yi. Ta Baba ce kake kwaikwaya, ko kuwa?"

Ya jingine tsintsiyar. Bai kalli takardar ba, silifas ɗin da ke ƙafata ya kalla.

"Yaya, shekara huɗu rabona da in ji almakashi a hannuna. Da ido nake aski."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Kai ka faɗa?"

Na ce masa gobe ƙarfe takwas za mu je tare, kuma akwai magani. Ya ce to. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya tambaya ko 'ya'yansa uku ma sai an gwada su. Na ce e, har da nawa biyar.

Direban nan ya shigo ya zauna a kujerar Auta. Na samu benci na zauna ina kallo. Auta ya gama, ya kakkaɓe masa wuya, ya ajiye almakashi, ya bar hannunsa a gefe.

"A'a, malam," in ji direban, "ba ka yarfe ba."

Auta ya ɗaga hannu ya yarfe masa sau uku.