Ƙararrawar Baba Mai Sito

Duk wanda ya ce karatun digiri na biyu a aikin jarida zama ne a inuwa, ya zo ya ari takalmina na kwana ɗaya. Da safe ina gidan jaridar da nake sanin makamar aiki, ina gyara wa manya waƙafi da aya. Da rana lacca. Da yamma in rungumi kwamfuta ina tace muryoyin mutane har kunnena ya riƙa amsa kuwwa. Rabona da in ci abinci a zaune har na manta.

Malamin da ke koya mana rediyo muna kiransa Jan Biro, don ba ya mayar da takarda sai ta yi jina-jina. Magana ɗaya yake nanata mana kullum: "Rahoto ba sautin wuri, miya ce ba gishiri. Ina so in ji ƙofa, in ji takalmi, in ji ɗakin da mutum yake zaune." Na haddace wannan kamar sunana, kuma ita ce ta kai ni ta baro.

Rahotona na ƙarshen zango a kan wani asibiti ne mai zaman kansa, inda ake ɓamɓare takardar maganin da wa'adinsa ya ƙare a liƙa sabuwa. Wanda ya faɗa mini dattijo ne mai riƙe da makullan sito, shekararsa ashirin da shida a wurin, saura biyu ya yi ritaya. Sati uku ina bin sa kafin ya yarda. Ranar da ya yi magana, sai da ya leƙa waje sau biyu sannan ya ce, "'Yata, ki ɓoye ni. Ina da iyali."

Na ce, "Baba, ko Inna da ke gidanka ba za ta gane ka ba."

Kuma na cika alkawari, a ganina. Na cire sunansa da aikinsa, na murɗe muryar a kwamfuta ta koma ƙatuwa kamar ana magana cikin randa. Na kai wa shugabannin asibitin takarda don su kare kansu, kamar yadda ƙa'ida ta ce, har da rana da lokacin da rediyon jami'a zai sa shirin. Ba su amsa ba. Jan Biro ya saurara, ya ce, "Ba laifi." A bakinsa wannan lambar yabo ce.

Ranar Laraba za a sa shi, ƙarfe sha biyu na rana. Yayata nas ce a asibitin, kuma ban taɓa gaya mata abin da nake yi ba. Da safiyar ranar na ga gara ta ji daga hannuna. Tana zaune bakin gado tana kwance igiyar takalmi, ta dawo daga aiki, na ajiye mata waya a cinya na kunna.

Ko daƙiƙa goma ba a yi ba ta ɗago kai. "Baba mai sito ya yi miki magana?"

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

"Wa zai gaya mini? Ba ki ji ƙararrawar ba?"

Na ji ta mana. Baba yana da wata 'yar ƙararrawa a jikin makullansa, jikarsa ce ta ɗaura masa don kada ya yar. In hankalinsa ya tashi, murza makullan yake a hannu. Da na ji ta lokacin da nake tacewa, daɗi ma na ji, na ce ga gishirin Jan Biro ya samu. Na ƙara mata ƙarfi. Da ita na buɗe rahoton.

Yaya ta ce, "Ke, daga mai gadi har babban likita, ba wanda bai san wannan ƙarar ba. Da ita muke sanin ya iso. Wai me ake koya muku a makarantar nan?"

Agogo ya nuna goma da minti ashirin. Na kira Jan Biro, waya a kashe, yana kula da masu jarrabawa. Na kira injiniyan situdiyo sau shida, ba a ɗauka ba, don a waje suke barin waya idan suna ciki. Na fita da takalmin wanka, jaka a buɗe.

A bas kuwa kamar da gayya. Direba ya tsaya ɗaukar kowa, har wanda bai tsayar da shi ba. Ina tsaye riƙe da ƙarfe, sai duba agogo nake ina tsaki. Wata mata ta ce, "Baiwar Allah, ko ba ki da lafiya ne?" Na ce lafiya lau. Tsoro ne kawai, irin wanda ban taɓa ji ba, don ba kaina nake ji wa ba. In rufe ido sai in ga Baba yana leƙa waje sau biyu.

Sha ɗaya da kwata na faɗa situdiyo ko sallama babu. Injiniya ya cire abin kunne yana kallon ƙafafuna.

"Ka cire rahotona. Don Allah kada ka tambaye ni, ka cire."

"Malam ya sani?"

"Ni zan ji da Malam."

Ya danna, ya ja wata tsohuwar hira ya sa a gurbin. Na zame na zauna a ƙasa, numfashina ya fara dawowa. Sai ya ce, "To tallan fa, shi ma in cire?"

"Wane talla?"

"Na shirin mana. Farkon rahoton na yanka, daƙiƙa talatin. Tun bakwai nake sa shi duk rabin awa. Ai 'yar ƙarar nan ta farko ta yi kyau."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ina jin yana cewa zai ajiye waya kusa da shi har sha biyu, ko zan sake shawara. Na tari mai babur, ban ko tambayi kuɗi ba.

Ta ƙofar baya na shiga asibitin, inda sito yake. Ƙofar a rufe, an sa mata sabon kwaɗo mai walƙiya. Na tsaya ina kallonsa. Ina nan tsaye aka ce a bayana, "'Yata."

Na zabura. Ban ji zuwansa ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Yana riƙe da leda, da butarsa da tsohuwar rigar aiki a ciki. Babu komai a ƙugunsa.

"Baba, ka yafe mini. Ni ce. Na canja muryar, amma makullan..."

"Na sani. Sun kunna mini a ofis, har sau biyu." Ya ɗan yi murmushi. "Muryar kam ta ɓuya. Ni kaina na tsorata da mutumin."

Hawaye suka zubo mini. Na ce, "Na cire shi, Baba. Na hana a sa. Ba wanda zai ji sauran."

Murmushin ya ɓace. Ya dube ni.

"Wato makullai sun tafi, maganar kuma ba ta fita ba?"



"Akwai kwali arba'in na maganin a bayan ƙofar nan," in ji shi. "Gobe za a fara ba mutane. Ni nawa ya riga ya faru." Ya sa hannu a aljihu ya ciro 'yar ƙararrawar, ya buɗe tafina ya ajiye. "Wannan ba tasu ba ce, na cire abata. Ƙarfe nawa yanzu?"

"Saura minti bakwai."

"To kira mutumin naku. Ki ce ya sa shi yadda yake, kada ya rage komai."

Na ciro waya ina neman lambar injiniya. Ina dannawa da sauri, ƙararrawar sai kaɗawa take a tsakanin yatsuna, har wata nas ta leƙo ta taga tana cewa, "Baba, ka iso?"