Tsarabar da Munkaila Ya Kawo a Baki

Mazan unguwa sun dawo daga cin rani da atamfa da rediyo da buhun garin kwaki. Munkaila kuwa, bayan wata biyar yana gadin shagon tsofaffin littattafai a Legas, ya shigo Matameye yana kaɗa hannu.

"Malam, ina tsarabar?" in ji matarsa Jannatu. Ta san kafin la'asar maƙwabta za su zo barka da zuwa, kuma duk matar da ba ta raba tsaraba ba ta shiga bakin unguwa ke nan har kaka.

"Tana bakina," ya ce. "Fidilistik. Turancin Ingila ne, tsoho tukuf, su kansu sun daina faɗinsa, shi ya sa mai shagon ya bar mini. Asalinsa sandar da ake goga goge da ita. In mutum ya kawo miki zancen banza, sai ki jefa masa."

Jannatu ta ji kamar ta nutse don kunya. Amma ta share hawaye, ta jera faranti shida, ta raɗa wa kowanne kalmar, ta rufe da faifai. Duk wadda ta zo sai ta buɗe mata, ta faɗa mata yadda ake amfani da ita, ta ce a yi haƙuri, ba yawa.

Mata suka karɓa da hannu biyu. Aka kai wa mushen lakwal, malamin makarantar boko, ya duba, ya ce shi Faransanci ya karanta, amma da ji dai kayan waje ne. Ranar kasuwa wata ta jefa wa mai tumatir, nan take ya rage kuɗi. Rukayya maƙwabciya, wadda mijinta ya kawo atamfa turmi biyu, ta yini ba ta yi masa magana ba, wai atamfa kowa na da ita.

Jannatu dai ba ta taɓa nata kason ba. Ta adana shi kamar sabon zane.

Bayan sati Munkaila ya miƙe ƙafa a tabarma yana sakace.

"Kin ga aikin ilimi ko? Baɗi in Allah ya kai mu, biyu zan kawo miki."

Jannatu ta ajiye muciya, ta wanke hannu, ta gyara ɗankwali, ta zo gabansa ta durƙusa da ladabi.

"Fidilistik, Malam," ta ce.