Sunan Ɗan Fari

…kuma wai in riƙe masa abu uku a ka: allura, doya, fitila. Ni Hammawa, da na san kowace saniya a garkena har kakarta, ni za a ba ajiyar doya? To, na riƙe. Malam Yamusa mai ba da magani a Karu ya gyara tabarau, yana dubana kamar nono ne da aka yi wa haɗin ruwa.

Wata biyu ke nan da faɗowa daga maɗaci. Ganye na hau saro wa shanu, ba wasa na je yi ba, reshen ne ya ci amana. Sun ce kwana uku ina kiran matata Fatu da sunan karsana… ai karsanar ma kyakkyawa ce, mene ne abin fushi?

Ardo ya yanke: in Malam ya ce kaina ya dawo daidai, ni zan ja garke zuwa Kurudu da rani. In bai ce ba, ƙanena Dallatu. Dallatu — mutumin da ke barci a tsaye.

Wai yau nawa ga wata? Na bature? Da lafiyata ma ban sani ba. Shanuna nawa? Wane Bafulatani ne zai faɗa wa mai alƙalami yawan shanunsa? Na yi tari. Ya rubuta wani abu. Tarin ya rubuta?

Wai in maido masa abu ukun nan. Allura. Fitila. Da… rogo? A'a, abin da matan Jikwoyi ke ɗauka a kafaɗa — doya. Alhamdu lillahi. Uku cif.

"Saura ɗaya, Baba. Sunan ɗanka na fari?"

Ji rashin ta-ido. Ga shi can a baranda da gemunsa, shi ya goyo ni a baya tun daga gindin maɗacin. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa kama sunan nan da bakina ba. "Kai" nake cewa, ya juyo. Na sunkuyar da kai. Malam ya fashe da dariya, wai ya manta mu Fulani da kunyar ɗan fari, ai tunda kunya ta dawo hankali ya dawo. Ya sa hannu. Garke nawa ne.

To bari in faɗa a zuci, ni kaɗai, don in ji daɗi…

Ranar suna na tuna. Ruwa aka kwana ana yi. Bijimi ja muka yanka, ɗan Wule, jikan Saige. Liman ya matso, ya raɗa, ya ce…

Ya ce me?

In tambayi Fatu? Ita ma ba ta faɗa. Dallatu? Gobe Ardo ya ji. Shi kansa? In mutu tukuna.

Ba wanda zai taɓa ganewa. Har a binne ni ba mai jiran sunan daga bakina. Tsoro nake ji, wallahi, ga takarda a hannu.

Ga shi ya taso, yana miƙo mini sandata, yana murmushi.

Kai… Kai.