Faifan Telan Amurka

Duk wanda ya san Malam Uwaisu a unguwar Woolwich ta London da kamala ya san shi. Mai haɗa magani ne a wani kemis kusa da kasuwa, furfura ta fara cin gemu, ba ya dariya sai da dalili, ko gaisuwarsa ma a aune take kamar maganin tari. To amma a bi shi shagon da ake sayar da tsofaffin faya-fayan garmaho a sha kallo. Sai ya gyara zaman hula, ya matsa kusa da mai shago, ya rufe ido, ya toshe hanci da yatsu biyu, ya ce, "Wiiiyuuu, wawww." Sannan ya buɗe ido ya tambayi Bature, cikin ladabi, ko yana da wannan.

Ina fa zai samu. Wani a Lewisham ma kujera ya jawo masa, ya tambaye shi ko akwai wanda za a kira.

Ba taɓin hankali ba ne, kiɗa yake nema, kuma bai san sunansa ba. Mahaifinsa tela ne a Fagge, cikin Kano, yana da garmaho da faifai guda ɗaya tak, wanda wani ma'aikacin reluwe ya bar masa da zai koma garinsu. A jikin kwalin akwai hoton wani Bature da ƙatuwar malafa, zaune gaban wani ɗan tebur mai tsirkiyoyi, ƙafafunsa a kan abin takawa. Tun ranar da tsohon ya ga hoton ya yanke hukunci. "Wannan ɗan'uwana ne," in ji shi. "Tela ne, kekensa ne dai ba ya cin zare." Daga nan sunan Telan Amurka ya bi mutumin. Babu waƙa a faifan, kiɗa ne zalla, tsirkiya ta yi ta miƙewa tana kuka, ta hau, ta ɗan ɗingisa, ta sauko. Da wannan ɗingishin uban yake taka kekensa.

Uwaisu yana firamare uban ya rasu. Bai bar hoto ba, faifan kuma ya ɓace a wani tashin gida. Yanzu Uwaisu ya girmi shekarun da ubansa ya yi a duniya, kuma in ya rufe ido don ya ga fuskar, sai dai ya ga hula da awon tela a wuya, tsakiyar babu komai. Kiɗan ne kaɗai ya rage masa, shi ma kullum ƙara guntulewa yake. Tsoronsa ke nan, kada wata rana ya toshe hanci ya ji shiru.

Matarsa Jamilatu ta san wannan, tana kuma tausaya masa, amma tausayi ma yana da iyaka a bakin titi. "Baban Humaira," ta kan ce, "don girman Allah in za ka yi kukan nan ka bari in tsallaka ɗaya ɓangaren." 'Yarsu Humaira ta taɓa kara masa waya a baki, wai akwai manhajar da ke gane kiɗa. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Wayar ta yi tunani, ta kawo masa kukan wani ƙaton kifin teku.

Ana cikin haka aka kawo mahaifiyarsa daga Kano don a cire mata yanar ido. Inna tsohuwa ce mai ƙarfi, kuma tun da idon ya buɗe ta fara ganin laifin London. Babban laifin shi ne kicin. Murafan tukwane duk na gilashi, abinci a robobi kamar za a kai asibiti. "Gida guda, da mace a ciki, babu faifai ko ɗaya," take cewa kullum. Tana nufin faifan kaba da ake rufe ƙwarya da kwano. Ba ta kiran sunan Uwaisu, don ɗan fari ne, sai dai ta ce "kai wannan". Wannan ɗin kuwa ya sha yi mata alƙawarin za a nemo.

Wata rana da hantsi yana bayan kanta yana jera magunguna, yana ɗan yin kukan nasa a hankali, sai ya ji an ce da Hausa, "Malam, wa ya ba ka izinin yanka steel guitar da safiyar nan?"

Wani dattijo ne baƙi, gajere, da hular sanyi, ya zo karɓar maganin hawan jini. Sunansa Katung, mutumin Kafanchan, ya yi ritaya daga tuƙin bas. Uwaisu ya fito daga bayan kanta har yana ture kwali.

"Baba, me ka ce sunansa?"

"Steel guitar. Na masu kiɗan country na Amurka. Amma yadda kake yinsa, ko mai shi ba zai gane ɗansa ba."

Ran Asabar sai ga Uwaisu a flat ɗin Katung a Abbey Wood. Faya-fayai ne tun daga ƙasa har rufi, har a saman firij. Katung ya ce tun yana yaro rediyo ta sa masa wannan ciwo, matarsa kuma ta haƙura ta bar shi da ɗakin. Ya ɗora faifai, ya ɗaga yatsa alamar a yi shiru, sannan shi da kansa ya hana kowa ji.

"Ka ji nan? Kwance ake ajiye jitar, kamar teburin guga. Hannun hagu yana riƙe da guntun ƙarfe mai santsi yana zamewa a kan tsirkiya, shi ne kukan da kake ji. Hannun dama yana tsinka. Ƙafa tana taka feda, gwiwa tana tura wasu ƙarafa a ƙarƙashi. Ni da na tuƙa bas mai hawa biyu, wallahi ban taɓa aiki da gaɓoɓi da yawa haka ba."

Ya sauya faifai. Wannan makaɗin, in ji shi, mai hannu a sake ne, ba ya gaggawa. Wancan kuma, in ji shi, makaɗin bikin ƙauye ne, ka ji ƙafarsa tana son rawa. Akwai wanda Katung ya ce duk ranar da ya buga wannan, to an ɓata masa rai a gida. Uwaisu ya tambayi sunayensu. Katung ya juya kwali ya nuna masa. Wasu an rubuta da ƙananan haruffa a can ƙasa, wasu ko oho.

"Haka ake yi musu. Mawaƙi ya tafi da suna, su kuma su naɗe kayansu su nemi motar gida. Amma cire kukan ƙarfen nan ka ji abin da zai rage. Wani mutum ne kawai yana ƙorafin matarsa ta tafi."

Da Uwaisu ya kwatanta masa hoton, Katung ya hau kujera, ya laluba saman kabad. Abin da ya sauko da shi ya sa Uwaisu neman wurin zama. Ga malafar, ga ɗan teburin, ga ƙafafun. Telan Amurka ne, bai tsufa ba ko kaɗan, kuma shi ma ba a rubuta sunansa ba.

Katung ya goge faifan da ƙyalle kamar mai share jariri, ya sa allura. Kiɗa ya tashi, tas, a miƙe, mai daɗi. Uwaisu ya rufe ido ya jira. Ya ji hawan, ya ji saukar, amma ɗingishin bai zo ba. Wannan makaɗi lafiyarsa lau, tafiya yake kamar soja.

"Shi ne," ya ce a hankali. "Amma ba shi ba ne."

"Malam, faifai ba ya mantuwa. Kai ne ka manta."

Maganar ta soke shi, don ita yake tsoro tun farko. Katung ya lura ya yi ɓarna, sai ya ɗaure faifan da wata 'yar garmaho ta hannu ya ce ya je da su, ya kunna wa tsohuwa, wataƙila kunnenta ya fi nasa. Uwaisu ya ce to gobe ya zo ya ci tuwo, ya gai da Inna.

Yana shiga gida ya ce, "Inna, na samo faifan."

"Alhamdu lillahi," in ji ta daga kan darduma. "An yi hankali."

Da ya kunna mata, ta karkata kai ta saurara har ƙarshe. Uwaisu bai kalli komai ba sai fuskarta.

"Kiɗa dai ga shi nan," ta ce. "Ban san shi ba. Kai wannan, an yi booking ɗin jirgin nawa kuwa?"

An yi, saura 'yan kwanaki. Ban da Uwaisu, ita kaɗai ta rage a duniya da ta zauna a shagon mahaifinsa, kuma ta ce ba ta san shi ba. Mutumin da ko allurar ɗinki ba ya bari a inda ba wurinta ba, ranar nan cire faifan ya yi ya ajiye shi tsirara a kan teburin kicin, ya wuce ɗaki.

Washegari da rana ya fita tarar Katung a tasha, Jamilatu ta leƙa kasuwa sayo alayyafo, Humaira tana ɗakinta da abin kunne. Aka bar Inna da kicin, abin da take jira tun zuwanta.

Suna buɗe ƙofa ƙamshin miyar kuka ya tare su. Katung ya durƙusa ya gai da Inna, ta amsa da fara'a, ta tambayi mutanen gida. Ya ɗago zai miƙe, sai ya tsaya a rabi. A tsakiyar tebur ga babban kwanon tuwo, a kansa kuma ga Telan Amurka a kife, tururi yana fita ta hujin tsakiya a miƙe kamar bututun jirgin ƙasa.

Katung ya koma ya durƙusa, wannan karon ba don gaisuwa ba.

Uwaisu ya dubi Inna. Da Humaira ce da unguwar ta ji muryarsa. Amma uwa ce, sai ya ce, da wata siririyar murya, "Inna, faifan."

"Mai kyau ne," ta ce. "Daidai bakin kwanon. Ga shi da ƙofar tururi, tuwo ba ya gumi. Irin na babanku ne sak."

"Na Baba aka riƙa rufe tuwo da shi?"

"Shi da kansa. In na aika masa abinci shago yana tsakiyar ɗinki, ƙudaje su dame shi, sai ya zare shi daga garmahon ya rufe kwano. In ya ci ya goge da hannun riga ya mayar. Ai shi ya sa nake cewa mutumin nan mai tattali ne, abu ɗaya aiki biyu."

Uwaisu ya ɗaga faifan da yatsu biyu. Ya yi taushi, gefe ɗaya ya ɗan lanƙwashe kamar bakin malafar da ke jikin kwalin. Ya hura masa iska, ya goge gumin da hannun riga, bai ma san ya yi ba.

"An kashe bawan Allah," in ji Katung. "Ya tsallake shekaru masu yawa a hannun Turawa, tuwo ya gama da shi. Bari ya huce mu sa shi, ko don mu yi masa sallama."

Da ya huce suka ɗora. Faifan yana juyawa, allura tana hawa tana sauka kamar kwale-kwale. Katung ya kau da kai, ba zai iya kallo ba. Kiɗa ya tashi, tsirkiya ta miƙe, ta hau, sai ta ɗingisa.

Uwaisu ya kasa kunne. Allura ta sake zagayowa, tsirkiya ta sake ɗingisawa, daidai inda yake toshe hanci shekara da shekaru yana neman ya nuna wa mutane. Ashe bai manta ba. Ashe ma bai taɓa yin kuskure ba, tuwo ne kawai babu a shagunan Lewisham.

Inna tana riƙe da ludayi a kan miya, ta tsaya. A ƙarƙashin tebur ƙafarta ta dama ta fara motsi, diddige a ƙasa, yatsu suna sauka suna tashi, irin takun keke.

"To ga shi nan," ta ce. "Jiya me ya sa ka sa min wancan?"

Jamilatu ta shigo da leda a hannu ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ku jira," in ji Inna, ta ɗaga ludayin. "Yanzu zai sauko. A nan yake tsayar da keke ya ciji zare. Ba ya neman almakashi, sai ya sa zaren a wushiryar nan tasa, ya karkace baki, ido ɗaya a rufe."

Kiɗan ya sauko. Uwaisu ya ga wushiryar. Daga ita ya ga bakin a karkace, ya ga ɗan gashin baki, ya ga idon ɗaya da ke buɗe yana kallonsa ta saman keke yana dariya. Fuskar ta cika tsakanin hula da awon tela, babu abin da ya ɓace. Hawaye suka zubo masa har gemu, a gaban matarsa da baƙonsa, bai kuma damu ya share ba. Daɗi yake ji, da kewa, duka a haɗe.

Katung ya cire hular sanyinsa ya riƙe a ƙirji, ya kalli hoton mutumin da ba a rubuta sunansa ba.

"Oga, ka yi haƙuri," ya ce da hoton. "Ka buga daidai. A Fagge ne aka ƙarasa maka ɗinkin."

Inna ta goge gefen idonta da bakin mayafi, ta ce sabon idon ne yake ruwa, likita ma ya ce zai yi. Sannan ta dubi ɗan nata na fari, ta daɗe tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa.

"Kai wannan," ta ce, "ka sake sa shi sau ɗaya. In ya gama ka miƙo min, tuwon yana hucewa."