Fitsarin Malam Hamma

"Kada ka yanke igiyar nan!" Rukaiya ta daka wa Aghali tsawa, ta fizge wuƙar daga hannunsa.

Aghali direban ambilans ne, amma a gidan likitan ƙauyen nan na gefen Tenhya shi ne kuma sarkin shisshigi. Wanda ke kwance a gado Malam Hamma ne, uban mijin Rukaiya, dattijon da ko tari ba ya yi sai ya duba wa ke kusa. Maciji ya sare shi a bakin rijiya tun da safe, ya ɗaure cinyarsa tamau da igiyar guga, bai yarda an kawo shi ba sai bayan azahar. Ƙafar ta kumbura suntum. Rukaiya ta duba saran, babu alamar dafi. Macijin bai yi komai ba, igiyar ce ke neman ransa.

Ga shi majo, wato shugaban asibitin, namiji, ya tafi taro Tanout, ita kaɗai ce ma'aikaciya. Tun da ta auri ɗan Malam Hamma na fari kuwa ba su taɓa haɗa ido ba, sai aka mai da Aghali tafinta.

"Ka gaya wa Baba sai na sa serom, wato ƙarin ruwa, kafin a kwance," ta ce tana kallon bango. "Naman da jini ya daɗe bai kai masa ba dauɗa yake tarawa, ana saki sai ta nufi ƙoda. A cikin ƙoda akwai wasu 'yan murhu da ido ba ya gani, mitokondiriya ake ce musu, su ke ba ta ƙarfi. In jini ya yi musu ƙaranci su yi laushi, in ya dawo da gudu da dauɗa su ƙone. Ruwan nan ne zai kare su."

"Malam, ta ce akwai murhu a cikinka, za a zuba masa ruwa."

"Ka ce da yarinyar nan ta yi abin da ta gani."

Aka sa serom, aka sassauta igiya. Leda ta ƙare, aka rataya wata. Sannan Rukaiya ta miƙa wa Aghali kwalba. "Ka ce masa fitsari nake jira. In ya fito, ƙoda na da rai."

Aghali ya isar da saƙon da muryar da har masu jiran awo a waje suka ji. Malam Hamma ya ja rawani ya rufe fuska.

"Babu," in ji shi.

La'asar ta yi, babu. Tsoho sai gumi yake, yana murza yatsun ƙafarsa mai lafiya, yana salati ƙasa-ƙasa. Da wani ne, da tuni Rukaiya ta danna mararsa ta gane. Amma hannunta a marar surukinta? Sai dai hannun ya guntule! Tsoro ya kama ta sosai, don tana son tsohon nan, shi ne kullum ke aiko mata da nono a ɓoye ya ce daga makwabta ne.

"Ƙodar ta tsaya, Aghali," ta ce. "Damagaram za ka kai shi, wankin ƙoda. Ni ga mai naƙuda, ba ni da halin tafiya."

Malam Hamma ya ji komai da kunnensa. Aka ɗora shi a mota.

Suna wuce gidan ƙarshe mota ta faɗa rami. Daga baya aka kwarma ihu: "Aghali, don girman Allah tsaya! Ina kwalbar nan?"

Kwalba ta cika, sauran kuwa ƙasa ta sha, aka daɗe ana abu ɗaya. Aghali ya riƙe ciki yana dariya har da hawaye.

"Haba Malam! Da wannan tafkin za ka je Damagaram?"

"Rufe mini baki, ɗan nema. In yi fitsari matar ɗana na bayan labule tana jin ƙara? Gara wankin."

"To ai sai ta gani da idonta, kalar take so."

Tsoho ya gyara rawani. Can ya ce, "Ka ce mata naka ne."

Rukaiya na ganin mota ta dawo, ta zaci rai ya yi halinsa. Aghali ya dire mata kwalba a kan tebur.

"Malam ya ce in ce miki nawa ne."

Ta ɗaga kwalbar a hasken taga. Ga yawa, ga shi garau. Ta toshe baki da gefen mayafi, ita kanta ba ta san dariya take ko kuka ba. Da ta samu numfashi sai ta ɗaga murya yadda za a ji daga mota.

"To ka gode wa Allah, Aghali, ƙodarka ta tsira. Sai ka koma gado ka kwanta, akwai sauran serom. Kuma duk leda ɗaya, kwalba ɗaya nake so."

Daga cikin ambilans aka ji tsoho ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."