Muharramin Zarghuna

Sai da Zarghuna ta ciccibi mahaifinta sau uku kafin ya zauna daram a kan jakin. Ta gyara masa rawani, ta goge yawun da ya zubo masa a gemu, sannan ta saki chadarinta, shuɗin mayafi mai rufe har fuska, ya rufe ta daga kai har ƙafa.

"Baba, in sun tambaye ka, ni wace ce?"

"Mai jaki."

Wata biyu ke nan asibitin kwarin da suke zaune yana rufe, ita ce kuwa ungozomarsa ɗaya tilo, kuma mata huɗu sun rasu wurin haihuwa a tsakani. Jiya rediyo ya ce masu ba da agaji da masu mulki sun daidaita a taronsu na ƙasar waje: mata ma'aikatan lafiya su koma aiki, amma kowacce da muharraminta. Sun sa hannu sun tashi abinsu, ba wanda ya tambayi inda matar da yaƙi ya cinye wa miji da 'yan'uwa za ta samo namiji. Nata ke nan, Baba Sherdil, tsohon da ba ya gane ta sai ya ga fuskarta.

*

A shingen bakin gada, mai bindiga ya jujjuya takardarta, ya dubi tsohon.

"Dattijo, mece ce wannan a wurinka?"

Baba ya ƙura wa shuɗin mayafin ido. Ɗaga mayafi a nan laifi ne, komawa gida kuma an rufe asibiti ke nan. Tsoro da haushi suka haɗe wa Zarghuna, bakinta ya kuɓuce.

"Baba, ka gyara zama mana, so kake ka faɗo?"

Tsohon ya yamutsa fuska. "Ka ji ta ko? 'Yata ce. Faɗan uwarta ta kwaso kaf. Shayi ma ba sukari take ba ni."

Mai bindigar ya danne dariya, ya ɗaga sandar shingen.

Sai da suka sha kwana ta jingina goshinta da wuyan jakin, ta yi kukan daɗi a cikin mayafi. Wallahi ba ta taɓa jin daɗin tsegumin tsohon nan irin yau ba.

*

Mata sun fi talatin a ƙofar asibitin. Ta zaunar da Baba a gindin bishiya, ta tokare shi da matashin kai don kada ya kife, ta shiga ta wanke hannu. Kafin azahar ta karɓi haihuwa biyu, duk lafiya.

Tana fitowa wata gwauruwa, Torpekai, ta riƙo gefen rigarta. 'Yarta ce ke buƙatar aiki a babban asibitin birni, gidansu kuwa babu namiji ko ɗaya. Ta saci kallon tsohon da ke gyangyaɗi, ta rage murya.

"'Yar'uwa, tunda ba ya gane kowa, ki ara mini shi gobe."