Giginyoyin Daeng Rewa

Shekara arba'in Daeng Rewa yana hawan giginya a tudun ƙauyensu da ke Jeneponto. Guda goma sha ɗaya ne, jere a bakin gonar masarar da mahaifinsu ya bar musu shi da ƙanensa Daeng Tompo. Kullum da safe sai ya hau ya sauko da ruwan da ya taru a gorunan da ya rataya, matarsa Daeng Kebo ta dafa ya zama mazarƙwaila ta kai kasuwa.

Sai wani kamfani ya zo kafa manyan fankokin samar da lantarki guda biyar a tudun, don iskar wurin ba ta hutawa. Ba a gonarsu za a kafa ba. Amma fiffike ɗaya ya fi masallacin ƙauyen tsawo, motar da ke ɗaukarsa ba ta iya shan kwana. Dole hanya ta miƙe ta bi ta kan giginyoyin.

Rewa ya ce ba zai sa hannu ba. Dagaci ya zo sau biyu yana ba shi baki, ya ƙi. Ashe ba a ma bukatar hannunsa, sunan Tompo ne a takardar gonar, shi da ya yi makaranta. A bakin rijiya Rewa ya ji labarin Tompo ya sa hannu, ya wuce gidan ƙanensa kai tsaye.

"Yaya, gwiwarka fa har ƙara take kamar tsohuwar ƙofa," in ji Tompo, idonsa a ƙasa. "Shekara nawa ta rage maka a sama? Sun ce za su ɗauki ɗana aiki."

"Da ka faɗa min tukuna."

"Da na faɗa, za ka yarda?"

Rewa ya juya ya fita.

Rana ɗaya, kafin azahar, aka kwantar da giginyoyin duka, yana tsaye yana kallo. Bayan wata biyar wani maƙwabci ya tausaya, ya ba shi giginyoyinsa ya riƙa hawa suna raba abin da aka samu. Rewa ya hau ɗaya, ya kai rabinta, ya kasa yin gaba. Ya daɗe rungume da itacen kafin ya lallaɓa ya sauko. Bai sake gwadawa ba.

Da aka gama kafa fankokin aka sallami ɗan Tompo, ya tafi Malesiya yankan kwakwar manja. Ranar Sallah Tompo ya zo neman gafara. Rewa ya miƙa masa hannu, ya ce Allah ya yafe mana, amma bai ce ya shigo ba.